Rigar Ruwa a Shekarar Makoki

Graz, farkon Nuwamba

Yaya Desanka,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, kuma gwiwar nan ta hagu tana barin ki ki yi barci. Ni lafiya lau, sai baya da ke ƙara in na sunkuya, amma wadda take wanke zannuwan gidan tsofaffi guda ba za ta rasa ciwon baya ba. Kwalaben ajvar, miyar jan barkonon nan taki, sun iso, ɗaya ta tsage a hanya, Vlajko direban bas ɗin da ke zuwa nan ƙasar waje daga gida ya rantse ba shi ya ɗora mata jaka ba. Na gode.

Na koma takarda da biro ne saboda a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Da na ce "keke" sai ki ce madara tana tafasa, ki kashe. Takarda dai ba ta da wurin kashewa.

Daga bakin Vlajko na ji labarin, ke kin ɓoye mini, wannan ma ya ɓata mini rai. Ya ce tun da aka soke bas ɗin safe, keke kike hawa daga ƙauye zuwa gari, ki dafa wa 'yan makaranta abinci ki dawo. Na san da mijinki Obrad yana da rai shi yake kai ki, na kuma san motarsa tana rumfa kaji suna kwana a kanta tunda kin ƙi koyon tuƙi. Amma Yaya, a wannan hanyar? Lokacin da tirelolin kamfanin sukari suke kai da komowa suna zubar da laka, hazo ya rufe gonaki, ke kuma kina tafe da baƙin kwat, baƙin siket, baƙin ɗankwali, a kan baƙin keke? Vlajko ya ce sai da ya zo dab da ke ya gane mutum ce.

Ga ƙunshi nan. Ni ma da keke nake zuwa aiki, ruwa da sanyi, shekara da shekaru, don haka ki saurare ni ko sau ɗaya. Rigar ruwa ce, ruwan ɗorawa, irin wadda ake hangowa daga nesa, da ratsin da ke walƙiya in fitilar mota ta haska. Ruwa ba ya shiga, iska ba ta ratsawa. A ƙarƙashin hammata akwai zif, da kin fara zufa ki buɗe. Akwai 'yar rigar ulu mai laushi, ita za ki sa a jikin fata, ki rabu da singiletin audugar nan naki. Auduga in ta sha zufa ba ta bushewa, sai ta manne miki tana ba ki sanyi har yamma. Kuma kada ki jibga kaya. In kin fito ƙofa kina jin ɗumi, kayan sun yi yawa. Ki ɗan ji sanyi har ki wuce injin niƙa, daga nan jikinki zai yi zafi da kansa. Akwai wandon ruwa a ƙasan ƙunshin. Na san za ki ce ba ki taɓa sa wando ba, to ki fara.

Ƙanwarki,
Slavka

Dudovac, tsakiyar Nuwamba

Slavka,

Na sami takardarki da ƙunshinki. Ina lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Kaji sun rage ƙwai, rufin rumfa yana yoyo, koshava, iskar hunturun nan tamu, ta fara kaɗawa tun shekaranjiya.

A gaban Persida na buɗe ƙunshin. Ki ji da kyau, a gaban Persida, yayar Obrad, wadda ta zo shan gahawa ta zauna a kujerar ƙaninta tana tambayata ko na kai kyandir kabarinsa ranar Asabar. Ni na ɗauka sabulu ne da gahawa kamar kullum. Ina zare igiya sai ga abu ya zubo a kan tebur, kala har tana kashe ido. Persida ta ajiye kofinta a hankali ta ce, "Ashe an fara shirin biki. Wane ne angon?" Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce na 'yar maƙwabta ne aka aiko ta hannuna. Ta ɗaga rigar ta auna faɗinta da ido, ta ce, "To, 'yar maƙwabtan ta yi ƙiba."

Mijina ya rasu a Agusta, Slavka. Ƙasar kabarinsa ba ta gama zama ba, ko dutse ba a kafa ba. Shekara guda ake sa baƙi. Haka Mama ta yi wa Baba, haka kakarmu ta yi har ta mutu a cikin nata. Ke da kika ga Mama tana rina har hankicinta, ke ce za ki aiko mini da riga kalar ɗan tsako in ratsa ƙauye da ita, in wuce ta gaban coci, in wuce ta gaban maƙabarta?

Kuma wa ya ce miki ban san sanyi ba? Ina hawan keke cikin koshava tun kina fitsarin kwance. Jarida a ƙirji, leda a kan safa, kitse a kumatu, kwat ɗin ulu har ƙwauri, shi ke nan. In ruwa ya yi yawa ga lema a hannun hagu. Wai in fita ina jin sanyi da gangan! Wannan wace irin hikima ce ta mutanen Graz? Ga kuma zif a hammata, don iska ta shiga ta kama mini haƙarƙari. Duk wanda ya kwanta ciwo a ƙauyen nan, in kin bincika, iska ce ta same shi ta wata kafa da aka bari a buɗe, ke kuma kin biya kuɗi an yi miki kafar.

Wandon ko warware shi ban yi ba. Vlajko kuma ki ce masa ya dubi hanyarsa, ya bar duban zawarawa.

Abu ɗaya zan faɗa in rufe. Ranar da aka binne shi mutanen gari sun zo, abokan aikinsa na jirgin ƙasa sun zo, har kurman nan mai gyaran rijiya ya tako da ƙafa. Kujerarki ce kawai babu kowa. Mutumin da ya ɗauke ki cikin gidansa bayan rasuwar Mama, ya riƙe miki sirdi yana gudu a bayanki har kika iya keke. Ba ki sa masa baƙi ko na yini ɗaya ba, yanzu kuma kina so ki tuɓe mini nawa.

Desanka

Graz, ƙarshen Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau har zuwa lokacin da na karanta takardarki, daga nan jinina ya hau, sai da aka auna ni a wurin aiki. Ki gaida gwiwa. Persida kuwa kada ki gaishe ta.

Zancen jana'iza, kin sani sarai Talata ya rasu, Laraba kuka binne shi, bas ɗin Vlajko kuwa sai Juma'a. Na roƙe ki a waya ku jira ni, kika ce zafi ya yi yawa kuma fadan coci ya riga ya sa lokaci. Ban ga laifinki ba. Amma kada ki ƙara rubuta mini cewa ban zo ba kamar ina wurin rawa. A ɗakin guga na zauna na yi kukana tsakanin zannuwan mutane. Ba zan sake ta da maganar nan ba.

Direban tirela bai san Obrad ba, Yaya. Bai san Persida ba, bai san a wane wata aka yi miki rasuwa ba. Abin da ya sani gilashinsa ya yi laka, hazo ya sauka, ana jiran sa a kamfani. Jarida da leda na yarda suna aiki, ni ma na yi su a shekarata ta farko a nan. Lema a hannun hagu kuwa, a hanyar da iskar tirela take ture ƙaton namiji, wannan neman kwanciya kusa da Obrad ne tun lokaci bai yi ba. Kwat ɗin nan kuma in ya sha ruwa sai an yi da gaske a ɗaga shi, kuma rana ɗaya gefensa zai shige taya.

Persida ba ta hawan keke. Ɗanta ne yake kai ta coci a motar da ke ɗumama kujera. Ai da sauƙi ta zauna bayan taga tana gadin baƙin wata.

Ba ni da miji, ba ni da ɗa, ke kaɗai ce kike tuna ranar da aka haife ni. Tsoro nake ji, in ba ki gane ba to ga shi na rubuta. Don haka zan yi abin da ban taɓa yi ba. Na haɗa ki da kabarin Mama, ki sa rigar nan duk ranar da za ki hau keke. Ki rubuto ki ce kin rantse. In ba haka ba kada ki ƙara aiko mini da ajvar, mayarwa zan yi.

Slavka

Dudovac, farkon Disamba

Slavka,

Lafiya lau. An fara ruwa haɗe da ƙanƙara.

Ba a haɗa mutum da kabarin uwarsa a kan tsumma. Rashin kunya ne, kuma ranar da muka haɗu za ki ji sauran. Amma tunda kin yi, kin yi. Na rantse. Ina sa rigarki kullum, daga ƙofar gida har kicin ɗin makaranta, zif har wuya. Persida ba ta ce uffan ba, duk ƙauyen babu wanda ya ce uffan. Kin huta?

Ga ajvar da busasshen barkono. Ki mayar in kin isa.

Desanka

Graz, tsakiyar Disamba

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Bayana ya yi sauƙi, ni dai na ce takardarki ce ta warkar da shi. Na karanta ta a tsaye a tashar bas, na yi dariya ni kaɗai har wata tsohuwa ta matsa gefe.

Kin gani ko? Babu wanda ya ce uffan! Mutane sun fi yadda kike zato hankali. Har kunyar abin da na faɗa a kan Persida nake ji, ga cakulan nan ki ba ta ki ce daga gare ni. Ga kuma safar hannu mai hana ruwa, da safar ƙafa ta ulu, ki huta da leda. Safar hannun baƙa ce, don ki san ni ma ina da kunya.

Ki rubuto mini yadda kike ji a cikinta. Ai yanzu a bushe kike isa kicin, ko? Kin fara buɗe zif ɗin hammata? Wandon fa? Ba zan matsa miki ba, mu bi a hankali.

Taki,
Slavka

Graz, tsakiyar Janairu

Yaya Desanka,

Ina gaishe ki in kina inda gaisuwa za ta same ki. Ni ba lafiya nake ba, abinci ma ba ya wuce mini.

Kirsimeti ya zo ya wuce ban ji daga gare ki ba. Vlajko ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu Rabbana. Na buga waya har na haddace ƙararta. Jiya na tare shi a tasha na ce lallai sai ya gaya mini abin da ya gani. Ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce tagoginki a rufe suke, babu hayaƙi a bututun rufinki. Na ce to kafin nan fa, ai ka riƙa ganin ta a hanya da rigar? Ya ce, "Wace riga? Ni ban taɓa ganin ruwan ɗorawa a hanyar nan ba sai na allon titi. Yayarki baƙa ƙirin na riƙa wucewa har Disamba, daga nan na daina ganin ta."

To ko dai kin yi rantsuwar ƙarya da kabarin uwarmu, ko dai wani abu ya same ki, kuma ban san wanne nake roƙon Allah ya kasance ba. Na ce wa Vlajko ya buga ƙofar Persida ya miƙa wannan hannu da hannu. In ba amsa a bas mai zuwa, ni ce zan sauko daga cikinsa, su kore ni daga aikin in sun ga dama.

Slavka

Dudovac, gidan Persida, ƙarshen Janairu

Slavka,

Ina da rai, ki zauna inda kike. Ina gaishe ki. Sanyi ya kama mini huhu, haƙarƙari biyu sun tsage, na kwanta a asibitin gari, yanzu ina ɗakin bayan Persida tana cusa mini yankakken dankali a safa wai ya janye zazzaɓi. Yau ne hannuna ya fara riƙe biro.

Kafin komai ki janye maganarki. Ni ban taɓa rantsuwar ƙarya ba. Na ce zan sa rigar kullum, kuma kullum na sa ta. A ƙarƙashin kwat. Ke kika ce in sa, ba ki ce a ina ba. Na cika wa Mama na cika wa Obrad, ban saɓa wa kowa ba, har ina yaba wa kaina dabara.

Rigarki kuwa muguwar aba ce, ki gaya wa wanda ya sayar miki. Singileti, rigar sanyi biyu, jarida, rigarki, sannan kwat a sama, ɗankwali ya rufe wuyan kada kalar ta leƙo. 'Yar ulun nan taki ƙaiƙayi take, na shimfiɗa wa kyanwa. Kafin in kai injin niƙa na fara dahuwa. Kafin in kai gada zufa tana bin bayana har cikin takalmi. Kwat ya jiƙe ta waje, ni na jiƙe ta ciki, rigarki tana tsakiya a bushe abinta. Jaridar kan dame ta zama kunu. In na isa makaranta sai in shige ɗakin ajiyar dankali in tuɓe ta kada matan kicin su gani, da yamma in mayar da singiletin da bai bushe ba in fito cikin koshava. Haka na yi ta yi har tari ya kama ni, ban fasa ba, saboda wata marar kunya ta haɗa ni da kabari.

Ranar da abin ya faru da safe ne, hazo har ba ka ganin tayarka ta gaba, ga ruwa, ga zazzaɓi a jikina. Na ji tirela a baya, na matsa gefe iyakar matsawa. Bai gan ni ba. Bai taɓa ni ba, iskarsa ce ta ɗauke ni da keke da lema ta zuba a lambatun gefen hanya. Shi dai ƙara ya ji, Allah ya sa mai imani ne ya tsaya ya dawo da ƙafa. Ina jin sa yana kai da komowa a saman kaina yana kira, "Akwai mutum? Akwai mutum?" Ni kuwa numfashi ya ƙi fita, baƙin kwat cikin baƙar laka, ruwa yana shiga kunnena. Har ya juya zai tafi.

Zan faɗi wannan sau ɗaya, kuma in kika yi mini dariya na daina rubuto miki. Maɓallan kwat sun tsinke wajen faɗuwa. Da na yunƙura sai gaban ya buɗe, fitilar hannunsa ta faɗa kan ratsin nan mai walƙiya. Da haka ya gan ni. Ya jawo ni yana kuka, ƙato da shi, yana cewa, "Inna, kina da wannan kika ɓoye ta a ciki? Inna, me na yi miki za ki sa in kashe ki?" Wannan kuwa ba huruminsa ba ne.

A asibiti kuma Persida ta shigo ta tarar da rigar a rataye a jikin gado. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Ashe 'yar maƙwabtan ce a kwance." Amma ita ta kwashe ni zuwa gidanta, ita take juya ni, ita ta wanke rigar ta shanya bayan murhu. Jiya ta ce, "Ni ban ce ki mutu ba, Desa. Amma shekara shekara ce. Ki bar aikin ki zauna a gida har Agusta." Na ce, "Yaya Persida, in na bar kicin ɗin nan gidan zai cinye ni." A can akwai hayaniya, akwai wanda zai ce miya ta yi gishiri. A gida agogo kawai nake ji.

Don haka da likita ya sallame ni zan koma kan keke, kuma da baƙina zan koma. Na warware rantsuwar, Mama za ta gane. Kada ki ɗora wa Persida, ba don ita ba ne. Shekara talatin da wani abu ina dafa wa mutumin nan, ina wanke masa, ina yi masa faɗa a kan taba. Yanzu ba ya cin abinci, ba ya ɓata riga. Abin da ya rage da zan yi masa a duniya baƙin nan ne kaɗai. In na tuɓe, gari zai waye babu wanda yake yi wa Obrad komai.

Desanka

Graz, farkon Fabrairu

Yaya,

Na gode Allah. Ina gaishe ki, ina gaida haƙarƙarin, ina gaida Persida da gaske wannan karon. Ni lafiya, na ci abinci jiya har na ƙara.

Yanzu ki gyara kwanciya ki ji. A ƙarƙashin kwat! Ban taɓa zaton sai na rubuta wa mace mai furfura cewa rigar ruwa a waje ake sa ta ba. In na aiko miki da lema sai ki haɗiye? Kin ɗauki abin da aka yi don ya tare ruwan sama kin mai da shi tukunyar dafa kanki, kin toshe zif, kin ba kyanwa ulu, sannan ki ce rigar ce muguwa. Ni kuma ina nan ina raba cakulan ina cewa mutanen ƙauyenmu sun waye. Na karanta wurin lambatun nan na ajiye takardar na fita waje, don ihu nake so in yi kuma a nan ba a ihu a cikin bene.

Na gama faɗa. Ƙarshen takardarki na karanta shi ya fi sau nawa, kuma ba ni da abin musu. Gaskiyarki, kada gari ya waye babu mai yi masa komai. Amma wa ya ce ke kaɗai ya bari? Kin ce ban sa masa baƙi ko na yini ɗaya ba. To ki ba ni.

Ki naɗe kwat ɗin ki ba Vlajko. Ni zan sa shi, kullum, har ranar da shekara za ta cika. Zan ɗaure kekena a ƙasan bene in riƙa takawa da ƙafa, hanyata akwai fitilu da wurin masu tafiya, babu tirela ko ɗaya. A wurin aiki farar riga ce dole, amma da na fito zan mayar. Ke ki riƙe ɗankwalinki da siket ɗinki, a gida da coci ki yi baƙi yadda kike so. Hanyar nan kawai nake roƙo, daga ƙofa zuwa kicin, daga kicin zuwa ƙofa. A wannan lokacin ni ce nake yi masa, ke ki yi ta kanki.

Ba alfarma nake yi miki ba. Shi ya riƙe mini sirdi, ke kika tuna mini. Ina da haƙƙi a cikin makokin nan, kin riƙe shi ke kaɗai tun Agusta.

Slavka

Dudovac, ƙarshen Fabrairu

Slavka,

Ina gaishe ki. Tari ya tafi, haƙarƙari sai in na yi atishawa. Na koma gidana, kyanwa ta ƙi sakin rigar ulun sai da muka yi kokawa.

Ban taɓa jin shirme irin naki ba. Makoki ba aikin gayya ba ne da za a ce ke kama nan ni in kama can. Na kwana biyu ina fushi, sannan na je wurin fada. Ya ce shi bai ga inda aka rubuta kalar kwat ba, ya ci gaba da cin kek ɗinsa, mutumin nan ba ya taɓa taimakon kowa. Sai na karanta wa Persida takardarki, har wurin haɗiye lema. Ta ce, "Ƙanwar mata ba ta baƙin shekara, ba a taɓa yi ba." Ta juya kofinta. Can ta ce, "Amma a gidansa ta girma. Kuma ni ba zan sake jinyar ki ba, bayana ya gaji." Ita ta sa sababbin maɓallan da hannunta.

Ga shi nan. Kada ki wanke, kada ki rage masa tsawo, kada ki ɗaura masa wani ɗan gyale mai fure irin na Graz. In zafi ya shigo zan aiko da baƙar riga. Kuma ranar cikar shekara da ƙafarki za ki zo, ki tsaya kusa da ni a bakin kabari ki riƙe tiren dafaffiyar alkamar sadakar mamaci, ko da bas ɗin Vlajko a kafaɗa za a ɗauko shi.

Litinin na koma aiki. Na fito ƙofa ina jin sanyi kamar yadda kika yi umarni, ina zagin ki har injin niƙa, daga nan na daina jin sanyin amma ban daina zagin ba. Duk labulen ƙauyen nan sai da ya motsa. Matar mai shago ta fito da tsintsiya tana share wurin da ba datti. Na ce, "Ki kalla da kyau, baƙin yana Graz, ƙanwata ce take sa shi." Ta buɗe baki ta kasa rufewa. Tireloli kuwa tun daga nesa suke kaucewa, ɗaya har da hon, ina jin ƙaton nan ne mai kuka.

A gaban maƙabarta ne kawai ƙafata ta ƙi taka feda. Na sauka na tsaya a bakin shinge na ce, "Obrad, ni ce, kada ka ce ba ka gane ni ba. Aikin 'yar gidanka ne." Na ɗan jira, sannan na hau na wuce. A bushe na isa kicin, amma wannan ba abin da za ki yi ta maimaitawa ba ne.

Wandon har yanzu a'a.

Yayarki,
Desanka

Graz, farkon Maris

Yaya,

Gaisuwa. Ina lafiya. Kwat ya iso, Vlajko ya miƙo mini shi da hannu biyu, bai yi wasa ko ɗaya ba.

Yana warin hayaƙin murhunki da laka, kuma har yanzu gefensa bai gama bushewa ba. Na ɗaure keke, na sa shi na fita ana yayyafi. Yana jan ƙasa, kin san kin fi ni tsawo. Kafin in kai gadar kogi kafaɗuna sun fara ciwo, sai na tsaya na kama ƙarfe, mutane suna ratsa ni ta dama da hagu. Ban san lokacin da na fara kiran sunansa ba.

Yaya, ashe haka yake da nauyi. Wannan kika yi ta ɗauka ke kaɗai, kina kuma taka feda da shi, ni ina nan ina aiko miki da darasi a kan auduga.

Na karɓa. Ki hau kekenki. Kuma ki buɗe zif ɗin hammatar nan, na san ba ki buɗe ba.

Ƙanwarki,
Slavka